Malama Haulat da Sunan da Ramla Ta Ƙi Faɗa

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Malama Haulat Isiyaku ta zo a Laraba, goma sha ɗaya ga watan Yuni na shekarar 2025, kwana biyar bayan Babbar Salla. Ta cika da hantsi a gidanta da ke Ƙofar Durbi, bayan jinyar kwana uku, tana da shekara hamsin da takwas. An yi mata sutura bayan Azahar. Ta bar mijinta, Malam Alamin, da 'ya'ya biyu, Kabiru da Mairo, da jikoki huɗu.

Malama, shekara talatin da ɗaya kika yi kina koyarwa a firamare guda, mafi yawansu a aji shida. Ba a taɓa ba ki lambar yabo ba, ba a taɓa tura ki taron bita a otal ba, kuma ban taɓa jin kin yi ƙorafin haka ba. Ina cikin waɗanda suka zauna a gabanki shekara ashirin da biyar da suka wuce, a benci na huɗu kusa da taga. Saboda haka abin da zan faɗa a kanki ba ji na yi ba.

Kina da wata dabara da ban gane ta ba sai da na girma. Kikan rubuta lissafi a allo ki yi kuskure da gangan. Bakwai sau takwas, sai ki sa hamsin da huɗu. Sannan ki juyo ki tsaya, kamar kina neman inda kika ajiye alli. Ba hannu kike jira a ɗaga ba. Kin san yaron da aka yi wa tarbiyya a garin nan ba zai buɗe baki ya ce wa babba ya yi kuskure ba, ko da kuskuren ya cika allo. Fuskoki kike dubawa. Akwai wanda girarsa za ta motsa. Akwai wanda zai sunkuyar da kai yana sake ƙirgawa a yatsu ƙarƙashin tebur. Ni kuwa na rubuta hamsin da shida a littafina, na rufe da tafin hannu.

Da aka tashi kika tsayar da ni.

"Sadiya, me kika rufe?"

"Ba komai, Malama."

"To buɗe mini ba komai ɗin in gani."

Daga ranar na shiga cikin yaran da kike tarawa a zauren gidanki kowace Asabar da safe. Ba mu taɓa wuce takwas ba. Kina raba fensir gida biyu da reza, ki ba wanda ba shi da shi rabi ba tare da kin kalle shi ba, don kada ya ji kunya. Kin san uwar kowane yaro da unguwarsu da sana'ar ubansa. In yaro ya yi kwana biyu bai zo ba, ba takarda kike aikawa ba, mayafi kike ɗauka. Na tuna wata yarinya da kowa ya yanke wa hukuncin daƙiƙanci, ke kaɗai kika lura tana karkata kunnen hagu in ana magana. Kika kai ta asibiti da kanki, aka samu kunnen dama ne ya toshe. Yau tana aikin jinya.

Na je jami'a na karanta yadda ake auna basirar yara, har aka ba ni takardu biyu a kai. Na karanta littattafai masu kauri. Ban ci karo da awon da ya fi hamsin da huɗunki kaifi ba.

Na kawo wannan ne domin mai karatu ya san irin matar da aka bari a kan benci kwana uku a ƙarshen rayuwarta, da irin mutanen da suka bar ta.

A bana wata gidauniya ta ce za ta ɗauki yara ashirin masu hazaƙa daga firamarorin cikin birni, ta kai su makarantar kwana ta musamman har su gama sakandare. Niyya ce mai kyau, kuma ba zan ɓata sunan masu ita ba. Aka kafa kwamitin zaɓe, aka ba shi ofis a GRA mai labule har ƙasa. Aka sa ni sakatariya, domin ana buƙatar mace ɗaya a hoto, ana kuma buƙatar wanda zai rubuta abin da maza suka faɗa. Shugaban kwamiti shi ne Dakta Nu'uman Babaji, haifaffen Ƙofar Kwaya, wanda ya yi sati biyu a wani taron bita a Abuja ya dawo da fom.

Fom ɗin ya kamata a ajiye shi don tarihi. Wasu ne suka tsara shi a wata ƙasa don 'ya'yansu, aka fassara mana shi kalma bayan kalma. An umarci malamin aji ya ba yaro maki a kan alamomin hazaƙa. Shin yana kallon babba cikin ido in yana magana? Shin yana musu da malami? Shin yana katse zance don ya yi tambaya? Duk abin da uwa ta ƙwarai take kashe shekara goma tana cire wa ɗanta, shi kwamiti ya jera ya sa wa maki. Malamai suka cika suka dawo da shi, kuma na ga sakamakon da idona: a makarantu da yawa, yaron da ya fi kowa maki shi ne wanda ajin ya fi fatan a sauya masa makaranta.

Ke ma kin cika naki. Ɗalibar da kika gabatar ita ce Ramla Audu, 'yar shekara goma sha ɗaya, ɗiyar wani mai gyaran keken ɗinki a Ƙofar Kwaya. A gurbin kallon babba cikin ido kika ba ta sifili, domin ba kya ƙarya ko a fom. A gefe kuma kika rubuta da jan biro: "Ba ta yi, tana da uwa." Na karanta wannan a gaban kwamiti. Ba wanda ya yi dariya. Wani ya tambaya ko an yarda a yi rubutu a gefen fom.

Allah ya taimaka, an bar duk wanda aka gabatar ya zauna jarrabawar rubutu. Yara ɗari huɗu da sha biyu suka zauna. Ramla ta zo ta ɗaya, kuma tazarar da ke tsakaninta da na biyu ta sa aka sake duba takardarta sau biyu, don a tabbatar ɗiyar mai gyaran keken ɗinki ba ta yi wani abin da bai dace da ita ba. Aka ware sittin na sama don mataki na ƙarshe, wato karatu a bayyane gaban kwamiti. Ƙa'idar ita ce, yaro zai karanta ɗan gajeren labari cikin minti biyu. In ya yi kuskure fiye da uku ya fita, komai makinsa na baya.

Labarin na wata mata ce mai suna Fatu da ta kai ɗanta asibiti. Sunan ya fito sau shida. Sunan mahaifiyar Ramla Fatu.

Ramla ta shigo ta gaishe mu a durƙushe, ta karɓi takarda da hannu biyu. Ta fara da murya a daidaice: "Wata rana mai sunan Inna ta tashi da sassafe." Ta ci gaba ba gargada, tana tsayawa inda aya ta ce a tsaya, tana ɗaga murya inda aka yi tambaya. Ban ji karatu mai daɗin nata ba duk yinin. Duk inda sunan ya zo sai ta ce mai sunan Inna, ta wuce. Ina kallon biron Dakta yana sauka a takarda. Sau shida.

Na ce, "Ranka ya daɗe, sunan mahaifiyarta ne. Ga shi nan a fom ɗin rajista."

Ya ce, "Sakatariya rubutu take yi."

Na rubuta.

Mutum biyar ne a teburin nan, Malama, dukansu Katsinawa. Kowannensu ya tashi a gidan da yaro ba ya kama sunan uwarsa, in ya kama kuwa ya sha mari kafin ya rufe baki. Kowannensu ya san abin da yarinyar ta yi, ya kuma san sai wanda ya iya karatu sosai zai hango kalma tun kafin ya iso ta, ya musanya ta, jimla ba ta karye ba. In da a zauren gidansu ta yi haka, da sun sa mata albarka. Amma a ofis suke, akwai sanyi, akwai fom, sai suka zama baƙi a garinsu.

Da yamma na kira ki a waya na gaya miki. Kika ce, "Wane Nu'uman? Na gidan marigayi Alhaji na Ƙofar Kwaya?" Na ce shi. Kika ce, "To."

Washegari da aka tashi daga makaranta kika hau adaidaita kika zo GRA. Aka ce Dakta yana taro. Kika zauna a bencin baranda da jakarki a cinya har aka rufe ofis. Kika dawo rana ta biyu, aka ce ya fita. Motarsa tana nan a inuwa, kina kallonta. Na fito na roƙe ki ki tafi gida, na san kina fama da hawan jini, ga zafi. Kika ce kin saba jiran yara su gane abu, wannan ma yaro ne. Rana ta uku da na zo shiga da fayil, kika miƙe kika bi bayana, kuma ban ga dalilin rufe ƙofa ba.

Kwamiti yana zaune. Kika yi sallama, kika gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan kika juya ga shugaba.

"Dakta, barka da aiki. Ya iyali? Ya Hajiya da ƙafar tata?"

"Da sauƙi, Malama, alhamdu lillahi. Sai dai kin same mu cikin aiki."

"Ba zan daɗe ba. Ido ne ya fara ba ni wahala. Wannan ɗan allon da ke kan teburinka, me aka rubuta? Karanta mini."

Ya dubi allon. Ya ce, "Dakta Nu'uman." Ya tsaya.

"Na ga kamar da saura."

"Sunan marigayi Alhaji ne, Malama. Ai kin sani."

"Na sani. Kuskure ɗaya ke nan. In sa ka maimaita sau shida, ko mu tsaya a nan?"

A Abuja, gaban lasifika, Dakta yana faɗin cikakken sunansa ba ko ɗar. Amma gaban matar da ta san uban nasa, ta je gaisuwar rasuwarsa, harshen ya ƙi. Na ji ɗaya daga cikin 'yan kwamiti ya yi tari mai tsawo. Dakta ya gyara hularsa, ya yi bayani na minti goma kan ƙa'idar ƙasa da ƙasa da amincin awo. Kina tsaye kina saurare, irin sauraren da kike wa yaron da bai yi aikin gida ba yana ba da labarin akuyar da ta cinye littafin. A ƙarshe ya ce, don girmanki, za a sake gwada yarinyar ranar Alhamis ta bayan Salla, ƙarfe goma. Kika ce a sauya labarin, ko a sauya sunan kawai, ai sunayen mata ba su ƙare ba. Ya ce ba zai yiwu ba, labarin an riga an tantance shi.

Wato rangwamen da aka yi wa Ramla shi ne a sake tsayar da ita gaban sunan uwarta. Ko ta faɗa ta shiga makarantar, ko ta ƙi ta rasa gurbin da ta fi yara ɗari huɗu cancanta.

Na raka ki gidan su Ramla ana jibi Salla. Muka tarar da Fatu a tsakar gida tana wankin kayan yara. Da kika gama bayani ta yarfe kumfa daga hannunta.

"Haba Malama, in dai suna ne ta hwaɗa mana! Mi sunan nan ya tsinana mani? Mai gawayi ma daga bakin ƙofa yake kwaɗa mani shi. Ke Ramla, zo nan. Kira ni in ji. Na yahe maki duniya da lahira."

Ramla ta zo ta durƙusa. Ta buɗe baki. Ta rufe. Ta sake buɗewa, sai hawaye.

"Ji mani ɗiya! Ni da sunana na ba ki, kina mani kuka?"

Kika ce, "Ƙyale ta, Fatu."

Muka kamo hanya har muka kusa titi. Sannan kika ce mini, "Shekara goma sha ɗaya matar nan ta yi tana gina abin nan. Ba zan rushe mata shi cikin sati ɗaya don Nu'uman ba. Gurbin kuma ba zan bari ta rasa ba. Ban san yadda zan yi ba, Sadiya." Tun ina aji shida ban taɓa jin kin ce ba ki sani ba. Kika ce dai ranar Alhamis za ki zo ki zauna inda za ta gan ki, ko Allah zai kawo mafita.

Ranar Lahadi ciwo ya kwantar da ke. Ranar Laraba aka kai ki makwanci. Ba zan ce bencin nan ne ya kashe ki ba, ajali na Allah ne, kuma ba zan ba su girman da ba su kai ba. Na dai rubuta cewa kwana uku daga cikin kwanakinki na ƙarshe a can suka tafi.

Bayan jana'iza na kira Dakta na roƙi a ɗaga gwajin ko da sati ɗaya, yarinya ta yi rashin malamarta. Ya ce, "Allahu akbar. Allah ya jiƙanta, mace ce mai ƙoƙari. Amma jadawali jadawali ne."

Alhamis ƙarfe goma saura, Audu, uban Ramla, ya kawo ta a bayan mashin ɗinsa, daga gidan makokinki suke. Idanunta sun kumbura. Ta shigo ta gaishe su, ta karɓi takardar da hannu biyu. Ba ta dubi kowa ba. Aka danna agogo.

"Wata rana ef, e, ti, yu ta tashi da sassafe."

Biron Dakta ya tashi sama ya tsaya a can. Ta ci gaba. Duk inda sunan ya zo sai ta jera haruffansa huɗu da sauri, ta wuce. Sau shida. Ta gama da sauran daƙiƙa takwas, ta ajiye takardar, ta ce, "Na gode," ta fita.

Minti hamsin manyan mutane biyar suka yi suna tattauna wannan. Fom ɗin yana da gurbin kuskure iri uku: tsallake kalma, sauya kalma, da tuntuɓe. Wani ya ce tsallakewa ce. Aka tambaye ni abin da na rubuta, na karanta musu haruffan, babu wanda ya ɓace. Wani ya ce to sauyawa ce, aka rasa da me ta sauya. Wani ya ce a sa tuntuɓe, amma ko shi bai iya kallon kowa ba da ya faɗa. Aka kira mutumin da ya ba da fom ɗin a taron bita, wayarsa a kashe. Daga nan aka gano babu wanda yake son sa hannu ƙarƙashin hukuncin da ba shi da gurbi a takarda. Sai aka bar wurin kuskure babu komai. Babu kuskure kuwa yana nufin ta ci.

Haka Ramla ta shiga cikin ashirin ɗin, Malama. Ba don sun gan ta ba. Tsoronsu ne ya faɗo ta ɓangarenta, sau ɗaya.

Na same ta a baranda tana jiran ubanta. Na ce, "Ramla, Malama ce ta koya miki wannan kafin ta kwanta?"

Ta girgiza kai. "Ba kowa, Anti. Cewa suka yi in karanta abin da ke rubuce. Haruffa ne a rubuce."

Na so ki ji wannan amsar. Ita kaɗai ce abin da na ji a ofishin nan da ya dace da shirin da aka ce na masu hazaƙa ne.

Ranar addu'ar uku Dakta ya zo da tawagarsa, shadda tana ƙara. An gaya mini ya riƙe hannun Malam Alamin a zaure ya ce masa ya yi alfahari, domin tsarinsu ya zaƙulo ɗalibar marigayiya daga cikin ɗaruruwa. Malam Alamin ya ce, "Allah ya saka da alheri." Kin zauna da mai haƙuri.

Da na koma ofis na ɗauko fom ɗin rajistar yara sittin ɗin nan, na bi gurbin sunan uwa ɗaya bayan ɗaya. Ban da Ramla, akwai yara huɗu da sunan uwarsu Fatu. Ɗaya ya faɗi sunan, yana cikin waɗanda aka ɗauka, kuma ban ga laifinsa ba, yaro ne aka matse. Sauran ukun, mace biyu da namiji ɗaya, kowannensu an rubuta masa kuskure shida cif, ba ƙari ba ragi. Daga makarantu daban-daban suke. Malamansu sun karɓi sakamako sun yi shiru. Na rubuta wa kwamiti takarda, aka amsa mini cewa an rufe jerin sunaye, za a duba lamarin baɗi. A zaman da aka ba ni wannan amsar aka amince a sake amfani da labarin baɗi.

Allah ya jiƙanki, Malama Haulat. Allah ya gafarta miki kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya yalwata shi. Allah ya sa ciwon da kika yi ya zama kaffara. Duk harafin da wani ya karanta ta dalilinki, Allah ya sa ya riƙa isa gare ki har ranar tsayuwa. Allah ya sada ki da Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Alamin, da Kabiru da Mairo da 'ya'yansu, da 'yan'uwanki na Ƙofar Durbi, da malaman da kuka yi aiki tare, da 'yan aji shida da kika bari, da Ramla da iyayenta. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ina kuma yi wa yaran nan uku ta'aziyya, su da ba su taɓa ganinki ba, ba su kuma san sun yi rashi ba.

Halimatus Sa'adiyya Siddiq
Katsina